Goge suna kaɗai ba ya ɓoye mutum: amsa ga mai koyon haƙar bayanai

Ɗana, tambayarka ta iso. Ka ce wani mai kemis a cikin garin Katsina ya turo maka fayil ɗin Excel na cinikin shekara guda, ɗauke da sunan kwastoma da lambar waya da shekaru da unguwa da maganin da kowa ya saya. Yana son ka haƙo masa kayan da ake yawan saye tare, ka kuma ware masa mutanen da zai riƙa tura wa saƙon talla. Sai ka ce: “Maigida, ta ina zan fara? Kuma in na goge sunaye ai na kare mutane ke nan ko?”

Ba ka kare su ba, za mu kuma zo kan wannan. Bari mu fara da inda ake farawa.

Kada ka buɗe wata manhaja tukuna. Mutumin nan buƙatu biyu ya kawo maka, kuma ba ɗaya ba ne. Ta farko, wato sanin kayan da ke tafiya tare, ba ta bukatar a san ko mutum ɗaya. Ginshiƙi uku sun ishe ka: lambar rasit, ranar ciniki, da sunan kaya. Ka koma wurinsa ya fitar maka da waɗannan ukun kaɗai daga kwamfutarsa, wancan fayil ɗin kuma ka goge shi daga wayarka da laftof ɗinka. Abin da bai shigo hannunka ba, ba za a sace shi a hannunka ba.

Daga nan sai tsaftacewa, kuma nan ne mafi yawan lokacinka zai tafi. Yaran kanti ba sa rubuta abu iri ɗaya. Wannan ya rubuta Paracetamol, wancan PCM, wani ya sa sunan kamfani, wani ya haɗa da ƙarfin ƙwayar. Kwamfuta za ta ɗauke su kaya huɗu daban, lissafi ya watse. Ka yi tebur guda na sunaye, kowane rubutu da sunansa na gaskiya a gefe, ka zauna da mai kemis ya duba maka shi, don ya fi ka sanin kayansa. Ka lura da kwanan wata: idan kwamfutar tana kan tsarin Amurka, 03/04 za ta karanta shi 4 ga Maris alhali mai rubutun 3 ga Afrilu yake nufi, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Ka cire rasit ɗin da aka buga sau biyu, da kayan da aka dawo da su, da cinikin sari na masu ƙananan kantuna daga ƙauyuka, domin rasit guda mai kaya 40 yana ƙirƙiro alaƙar ƙarya tsakanin komai da komai.

Ita haƙar bayanan, wato tono alaƙar da ke ɓoye a cikinsu, lissafi ne mai sauƙi. Dabarar da aka fi koyarwa ita ce Apriori, wadda Agrawal da Srikant suka fitar a 1994, kuma tana nan cikin manhajar Weka da kayan aikin Python, wani yaren rubuta manhaja, duk kyauta. Amma ka fara yi da hannu don ka san abin da injin ke yi. Lambobi uku za ka nema a kan kowane kaya biyu: sau nawa suka haɗu a rasit guda, kashi nawa na masu sayen na farko suka ɗauki na biyu, sannan ko wannan kason ya wuce yadda ake sayen na biyun a kullum.

Mu ce kana da rasit 2,000. A cikin 300 akwai maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma 180 daga cikinsu sun haɗa da farasitamol. Kashi 60 cikin 100 ke nan, sai ka ji kamar ka tono wani abu. Duba da kyau: idan farasitamol yana cikin rasit 1,000 daga 2,000, to da ma rabin kwastomomi suna sayensa. Raba 60 da 50, ka samu 1.2, alaƙa mai rauni. Yanzu ɗauki ruwan gishiri da sukari na ORS: rasit 100, kuma 70 sun haɗa da ƙwayar zinc, alhali zinc ɗin yana cikin rasit 120 kacal, wato kashi 6 cikin 100. Raba 70 da 6, ka samu kusan 12. Wannan ce alaƙar gaske, kuma tana da dalili, tunda tare ake ba yaro mai gudawa su biyun. Amfaninta ga mai kemis a fili yake: ya ajiye su kusa da juna, kada kuma ɗaya ya ƙare ɗaya na nan.

Abin da ke kayar da sababbin hannu shi ne yawa. Kanti mai kaya iri 400 yana da haɗin biyu-biyu 79,800. A cikin wannan tulin dole wasu su yi kama da alaƙa don dace kawai. Saboda haka ka sa ƙa'ida: duk haɗin da bai bayyana a rasit 20 ba, ka watsar da shi. Ka kuma ware kashi ɗaya cikin huɗu na rasit ɗin ka ajiye ba ka taɓa ba, in ka gama ka gwada abin da ka samo a kansu. Wanda bai sake fitowa ba, ba gaskiya ba ne. Ka kuma tuna da yanayinmu. Cinikin Agusta da Satumba na zazzaɓin damina ne, na hunturu na tari da mura ne, na watan azumi ma da nasa salo. Wanda ya haƙi wata biyu ya ce ya san shekara, ya yaudari mai kanti.

To, batun goge suna. Mutum ba sunansa kaɗai ke nuna shi ba. A 1997 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta ɗauki bayanan asibiti da jihar Massachusetts ta fitar bayan an cire sunaye, ta jera su da rajistar masu zaɓe, ta tsamo bayanan lafiyar gwamnan jihar na lokacin, William Weld. Da abu uku ta yi: ranar haihuwa, jinsi, da lambar yankin gidan waya. Daga baya ta lissafa cewa waɗannan ukun sun isa a ware kimanin kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Netflix ma ya fitar da bayanan kallon fina-finai na kwastomominsa a 2006 ba suna, sai masu bincike biyu, Narayanan da Shmatikov, suka nuna ana iya gane wasu ta hanyar jera su da abin da mutane suka rubuta a fili a shafin fina-finai na IMDb.

A wurinmu abin ya fi haka sauƙi, domin mun san juna. Layi guda ya ce: namiji, shekara 71, Ƙofar Sauri, yana sayen insulin, allurar ciwon sukari, duk wata. Ba suna, amma duk yaron unguwar da ya gani zai faɗa maka gidan. Gyaran shi ne ka rage kaifin bayanin. Shekaru ka mayar da su rukuni, 20 zuwa 29, 30 zuwa 39, duk wanda ya haura 60 kuma rukuni guda. Unguwa ta koma ƙaramar hukuma, rana ta koma wata. Bayan haka ka ƙirga: kowane haɗin shekaru da jinsi da wuri ya zama aƙalla mutum 5 ne suka yi tarayya a kansa, in bayanan lafiya ne 10 ya fi. Rukunin da bai kai ba, ka haɗa shi da na kusa ko ka cire shi. Ko wannan ma yana da ɓaraka. Idan mutum goman da ke rukunin duk magani ɗaya suke saye, wanda ya san maƙwabcinsa na cikin rukunin ya riga ya san cutarsa. Haka kuma in ka ba da rahoto yau a kan mutum 12, gobe ka ba da wani a kan 11 daga cikinsu, ragi kawai za a yi a san na ɗayan.

Akwai wani kuskuren da masu ɗan ilimin kwamfuta ke yi suna ganin sun ƙware. Sai su bi lambobin waya da SHA-256, wata dabarar lissafi mai rikita rubutu, su fito da dogon rubutu marar ma'ana, su ce an ɓoye. Lambar wayar Najeriya lamba 11 ce, tana farawa da irin su 070, 080, 081, 090 da 091, don haka duk lambobin da za su yiwu ba su kai biliyan ɗaya ba. Laftof na gama-gari zai bi su duka da wannan dabarar cikin ɗan lokaci, ya jera, ya dawo da kowace lamba. In aikin yana bukatar a gane cewa kwastoma ɗaya ne ya dawo sau biyar, a ba kowa lambar da aka zaɓa kara-zube, teburin da ke haɗa ta da lambar wayar kuma ya zauna wurin mai kemis a kulle, kai ba ka da shi.

Yanzu buƙatarsa ta biyu, kuma ita ce na fi so ka natsu a kanta. Haƙar bayanai ba tsohon sirri kawai take tonawa ba, tana haifar da sabo wanda mutum bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mace ta sayi abin gwajin ciki, bayan mako biyu ta sayi folic acid, ƙwayar da ake ba masu ciki. Ba ta ce wa mai kemis komai ba, amma lissafinka ya ce tana da juna biyu. Ka tura saƙon tallan kayan masu ciki zuwa lambar da ke rasit. Wayar wa ce? A gidajenmu da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata, ko ta ƙane ce da aka aika, ko ta uwar miji. Labarin da ita ke da ikon faɗa a lokacin da ta ga dama, kai ka riga ta. Ka auna haka a kan maganin tazarar haihuwa, ko na farfaɗiya, ko na taɓin hankali, ko na ciwon sanyi. Saƙo guda yana iya taɓa aure ko ya hana yarinya miji. Kuma lissafin yana iya zama kuskure ma, don mai yiwuwa maƙwabciya ta sayo wa.

Doka ma ta shigo. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta kuma sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri. Ta ce a karɓi bayani don manufa sananniya, kada a juya shi zuwa wata da ta saɓa mata, kuma mutum na da ikon ƙin a yi masa talla da bayanansa. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, mai riƙe da su zai sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Kai ma da kake sarrafa masa bayanan kana da naka nauyin. Wanda ya ba da lambarsa don a kira shi in maganinsa ya iso, bai ba da ita don talla ba. Ka gaya wa mai kemis cikin ladabi cewa ba za ka ware mutane bisa cutarsu ba. In yana son talla, ya ajiye takarda a kan kanta, mai so ya rubuta lambarsa da hannunsa, saƙon kuma ya zama na kowa da kowa, irin sanarwar lokacin buɗewa ko ragin farashin sabulu, ba mai ambaton maganin da mutum ya saya ba, tare da hanyar cewa a daina turo masa.

Tsaron fayil ɗin kansa ba shi da wuya, sakaci ne ke kawo matsala. Kada ya bi ta WhatsApp, domin zai zauna a wayoyi biyu da ma'ajiyarsu ta intanet. Kada ka loda shi a shafukan basirar na'ura don su tsaftace maka, ba ka san inda zai kwana ba. Kada ka kai shi shagon buga takardu a filash. Ka kulle faifan laftof ɗinka da manhajar BitLocker ko VeraCrypt, in kuma dole a aika, ka matse shi da manhajar 7-Zip, ka kulle shi da kalmar sirri a tsarin AES-256, kalmar sirrin ka faɗe ta da baki.

Wajen miƙa sakamako ka kula da tarko biyu na Excel. Ginshiƙin da ka ɓoye yana nan daram, danna biyu ke fito da shi. Teburin taƙaitawa na Pivot kuma yakan riƙe asalin bayanan a cikinsa ko ka goge shafin da suka fito, wanda ya danna jimla sau biyu zai ga layukan da ke ƙarƙashinta. Ka kwafe lambobin ƙarshe kaɗai zuwa sabon fayil, ko ka mayar da rahoton PDF.

Kafin ka taɓa layi ɗaya, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi guda ce: abin da aka ba ka, aikin da za ka yi da shi, wanda zai gani, da ranar da za ka goge. Ranar ta zo, ka goge daga laftof da kwandon shara da imel da filash, ka rubuta masa cewa ka goge, ku biyu ku sa hannu. Teburin sunayen magunguna kuwa ka kawo mini in duba kafin ka fara lissafi. Allah Ya yi wa aikin albarka.