Baƙon shekara biyu a majami'a

Ɗana,

Saƙonka ya iso. Na karanta na yi dariya, daga baya kuma dariyar ta koma ciki. Ka ce yau shekara biyu ke nan kana sujada a majami'ar da ke kusa da wurin aikinka, baiko kana bayarwa, zakka ba ka fasa ba, sai ga sakataren ikilisiya ya tare ka a bakin ƙofa yana tambaya ko kana da niyyar zama mamba. Kai kuma ka ji haushi, wai ai Ubangiji ya san nasa, me littafin sakatare zai ƙara maka? Har ka ƙara da cewa ran da gajiya ta yi maka yawa, wa'azin da kake ji a waya ya fi na fastonku gishiri. Abin da ya ba ni dariya shi ne baƙon shekara biyu. Kakanka yakan ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya tafi. To raɓar da ta yi kwana ɗari bakwai a wuri ɗaya, ai sai a sake mata suna.

Kada ka ɗauka sakatarori ne suka ƙirƙiro ƙirga mutane. Buɗe Ayyukan Manzanni ka gani. A sura ta 1 an ce masu bi wajen 120 ne, a sura ta 2 aka ƙara wajen 3,000 a rana ɗaya, a sura ta 4 maza sun kai wajen 5,000. Wani ne ya ƙirga. Bulus ya gaya wa Timoti kada a sa gwauruwa cikin lissafin waɗanda ikilisiya ke ɗauke da su sai ta kai shekara 60, ka ga akwai lissafi ke nan. A Ibraniyawa 13:17 kuma an ce shugabanni suna tsaron rayukanku kamar waɗanda za su ba da lissafi. Makiyayin da bai san yawan tumakinsa ba, ta yaya zai san ɗaya ta ɓata? Mai tumaki ɗarin nan na cikin misalin Yesu, da bai ƙirga ya ga tasa'in da tara ba, da ya kwanta barcinsa.

Bari in ba ka labarin wani zama da aka yi a Biristol ta Ingila, ran 15 ga Fabrairu 1742. Mutanen John Wesley, mai wa'azin da ya kafa Metodis, sun gina ɗakin taro, bashi ya hau kansu, aka zauna ana neman yadda za a biya. Wani mutum da ake kira Kyaftin Foy ya tashi ya ce kowane mamba ya riƙa ba da kwabo ɗaya na kuɗinsu kowane mako har bashin ya ƙare. Aka ce masa da yawa daga cikinsu talakawa ne, ko kwabon ba su da shi. Ya ce to a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya mafi talauci, zai bi su gida gida kowane mako, wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Wasu ma suka ce za su yi haka. Aka raba jama'a rukuni rukuni, wajen mutum goma sha biyu a kowane rukuni, da jagora ɗaya.

Kuɗi aka fita nema. Amma mai bin gida gida duk mako idonsa ba ya rufe. Ya shiga wannan gida ya tarar maigidan kwance da ciwo ba wanda ya sani. Ya shiga wancan ya tarar mutum ya koma wa kwalba. Can kuma miji da mata sun kwana uku ba sa magana. Jagororin suka fara kawo wa Wesley waɗannan labarai tare da kwabban, shi kuwa ya gane ya sami abin da ya daɗe yana nema, wato hanyar sanin halin da kowa ke ciki. Daga baya aka ga bin gida gida na cin lokaci, kuma ba kowane gida ake iya magana a sake ba, sai aka ce rukunin ya riƙa taruwa wuri ɗaya sau ɗaya a mako. Kowane mamba yana da ɗan kati da ake sabunta masa duk wata uku, wanda ya daina zuwa ba dalili sai a ƙi sabunta nasa. A 1743 Wesley ya duba jama'arsa ta garin Niyukasil a Ingila ya cire mutum 64: 17 saboda buguwa, ɗaya saboda dūkan matarsa, 29 kuwa, wato kaso mafi girma a cikinsu, saboda sakaci da rashin ɗaukar abin da muhimmanci. Duk sanda na tuna da waɗannan 29 sai in ce da yau ne, ban san kujera nawa za ta rage da mutum a kai ba.

Ka lura da abin da Foy ya ce. Bai ce a rubuta sunayen talakawa don a san wanda bai biya ba. Cewa ya yi a ba shi su. Amfanin littafin da kake raina ke nan: in an rubuta sunanka, an ɗora wa wani nauyin zuwa nemanka, kai ma an ɗora maka na wani. Kakarka takan ce zumunci a ƙafa yake. Mai wa'azin cikin waya, komai daɗin bakinsa, ba shi da ƙafar da za ta kawo shi bakin gadonka a asibiti.

Yanzu ga yadda ake yi, tunda na san ba wanda ya zaunar da kai ya gaya maka. Kowace ɗarika da tsarinta, saboda haka ka fara da neman kundin tsarin ikilisiyar ka karanta, musamman abin da suka gaskata game da baftisma da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Katolika da Anglikan da Lutaran suna yi wa jarirai baftisma, in yaro ya girma a tabbatar da shi. Baftis da ire-irensu sai mutum ya furta bangaskiya da bakinsa, kuma nutsarwa suke yi. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Wanda aka yayyafa masa ruwa yana jariri, in ya je wurin masu nutsarwa, sau da yawa za su ce sai ya shiga ruwa kafin su karɓe shi. Ka san wannan tun da wuri, kada ka gama aji sannan ka ji abin kamar an mare ka.

Kai da ka riga ka yi baftisma kuma sunanka na littafin ikilisiyar da ka fito, abin da kake bukata takardar sallama ce. Za ka rubuta wa faston can ko sakatare, ka faɗi sunan ikilisiyar da kake son komawa. Dattawa su zauna, su duba ko kana cikin zumunci ko kana ƙarƙashin horo, sannan su rubuta. Takarda mai kyau tana ɗauke da cikakken sunanka, ranar baftismarka da inda aka yi, ko kana cin Jibi, ko kana da aure, da aikin da ka taɓa riƙewa, da sa hannu da hatimi. Wannan ma tsohon abu ne. Da Afolos zai haye daga Afisa zuwa Akaya, 'yan'uwa sun rubuta wa masu bi na can su karɓe shi. Farkon Romawa sura ta 16 ma shaida ce Bulus ya yi wa Fibi don a karɓe ta a Roma.

In takarda ta iso, wasu ikilisiyoyi za su sa ka ajin sababbin mambobi, wani wuri 'yan makonni, wani wuri watanni. Kada ka ce ka wuce nan. Wanda bai yi baftisma ba ajinsa ya fi tsawo, kuma ko shi ya gode, domin a ƙarni na uku akwai inda mai neman baftisma yakan yi shekara uku yana koyo, ana sallamarsa daga sujada kafin a ci Jibi. A Urushalima ta ƙarni na huɗu, mai son baftisma a Ista yakan ba da sunansa a farkon azumi, bishop ya tambayi maƙwabtansa a gaban jama'a: yana girmama iyayensa? Mashayi ne? In shaida ba ta yi kyau ba, a ce ya je ya gyara ya dawo.

Bayan aji sai ganawa da dattawa. Lokacin da muke tasowa, wannan zama ba na wasa ba ne. Benci ake ajiyewa a waje, masu nema su jeru, ana kira ɗaya bayan ɗaya. A ciki dattawa huɗu ko biyar, sakatare da babban littafi a buɗe, fasto a tsakiya. Ba su cika damuwa da yawan ayoyin da ka haddace ba. Sukan ce faɗa mana yadda ka ba da gaskiya. Sannan wani tsoho da tun da aka fara bai ce uffan ba ya ɗaga kai ya ce, akwai wanda ba kwa gaisawa da shi? Akwai bashin da ake binka kana ɓuya? Mutum nawa aka mayar daga wannan tambaya, aka ce su je su shirya da ɗan'uwansu tukuna! Yanzu na ji wasu wurare fom kawai ake cikewa a waya, minti biyu an gama. Ban ce haramun ba ne, amma abin da aka shiga da ɗan yatsa, da ɗan yatsa ake fita.

Ran karɓa za a kira ka gaba, a tambaye ka ko ka yarda da koyarwar ikilisiya, ko za ka riƙa zuwa sujada, ka tallafa da ƙarfinka da aljihunka, ka kuma karɓi gyara. Jama'a su ma su yi alkawarin riƙe ka. Wannan rabin ne mutane ke mantawa, alkawarin ta gefe biyu ne. Fasto da dattawa su ba ka hannu, a rubuta sunanka da kwanan wata. Daga ranar kana da baki a taron ikilisiya, inda tsarinsu ya ba da dama ka jefa ƙuri'a, ka ji rahoton kuɗi, a kuma iya zaɓenka wani aiki. Kafin sati biyu ka shiga ƙaramin rukuni ɗaya ka kama aiki ɗaya, ko da jera kujeru ne. Ɗaya na ce. Sabon mamba mai zafi yakan shiga mawaƙa da matasa da makarantar Lahadi a wata guda, kafin shekara ya gaji ya ɓace gaba ɗaya.

Abubuwan da ke lalacewa kuwa sanannu ne. Wani ya karɓi takardar sallama ya jefa cikin akwati, can an cire shi, nan ba a rubuta shi ba, ya zama ba shi a tsuntsu ba shi a tarko. Wani bai nemi takardar ba sam, sunansa na littafi biyu, kowane fasto na zaton ɗayan ne ke kula da shi. Wani kuma horo aka sa shi ya gudu ya sake majami'a, yana zaton maganar ta mutu, sai ran da aka rubuta wa ikilisiyarsa ta farko. Mafi yawa dai sai aure ya taso ake tunawa da littafi. Ikilisiyar yarinya ta ce a kawo takarda daga ikilisiyar saurayi, saurayi ya ruga wurin faston da bai taɓa sanin sunansa ba yana so a shaide shi cikin kwana uku. Ba a fafa gora ranar tafiya. Kai ma shekarunka sun kai, ban dai ce komai ba.

Na san abin da ke tsorata irinku shi ne kalmar horo. Gaskiya an yi ɓarna da ita a wurare da dama, an kunyata raunana an kyale masu kuɗi. Amma duba yadda Yesu ya tsara a Matiyu 18:15-17. In ɗan'uwanka ya yi laifi, da fari kai da shi kaɗai. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Sai in ya ƙi su ne magana ke zuwa gaban ikilisiya. Bulus kuma a Galatiyawa 6:1 ya ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mai komo da shi yana lura da kansa. Ikilisiyar da ke tsallake matakai biyun farko ta fara da sanarwa a bagade, ita ce ke bukatar gyara. Shi ya sa kafin ka ba da sunanka kai ma ka yi naka binciken. Ana karanta rahoton kuɗi a fili ko kuwa tambaya laifi ce? Akwai wanda ya isa ya ce wa fasto ya yi kuskure? Wanda ya bar su, suna sallamarsa da addu'a ko da la'ana? In amsoshin nan ba su kwanta maka ba, ka nemi wata, amma ka nema da niyyar zama. Shekara biyu ta isa mutum ya san ruwan da yake sha.

Maganar ko zunubi ne mutum ya ƙi sa sunansa, wannan ka bar ta sai mun haɗu, don ba ta rubutu ba ce, kuma ina so in ga fuskarka in kana kawo hujjojinka. Ka dai binciko katin baftismarka tun yanzu, in ya ɓata ka gaya mini da wuri a duba tsohon littafi, domin kwanan watan suke fara tambaya. Sakataren nan kuma in ka gan shi ran Lahadi ka gaishe shi da kyau. A cikin mutanen da ka yi shekara biyu kana zama kusa da su, shi ne ya lura ba ka cikin lissafi.

Baffanka