Amosanin jini: amsar likita ga tambayoyinku

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, duk a kan sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini.

Wata uwa daga Rigasa: Likita, lafiya ƙalau na haifi ɗana. Da ya kai wata bakwai sai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ga kuka ba dare ba rana. An gwada an ce SS ne. Surukata ta ce daga wajena ya kwaso. Haka ne?

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Maganar nan tana ƙona mini rai, don iyaye mata da yawa sun yi mini kuka a kanta. Yaro ba ya zama SS sai ya ɗauko S, wato ƙwayar gadon sikila, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Maigidan ma ya je a gwada shi.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, shi ke ɗauko iska daga huhu ya kai wa kowace gaɓa. Lafiyayyar ƙwaya zagayayya ce mai taushi, tana ratsa jijiyar da ta fi gashi sirantaka. A jikin mai SS kuwa, da himogulobin ya sauke iskar sai ya daskare, ƙwayar ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje. Irinsu ke cushewa a ƙananan jijiyoyi su tare wa jini hanya, daga nan kumburin da azabar suke. Lafiyar da kika gani da farko, himogulobin ɗin da ya zo da shi daga ciki ne ya kare shi, shi ba ya daskarewa, amma zuwa wata shida ya ja baya. Maganin haidiroksiyuriya ƙara irin wannan himogulobin yake yi, ki tambayi likitansa. Kada allurar rigakafi ta wuce shi, ya kwana a gidan sauro. In jikinsa ya yi zafi, kada ki bari gari ya waye, domin saifarsa ba ta iya yaƙar ƙwayoyin cuta sosai.

Wani matashi daga Tudun Wada: Ni da wadda zan aura duk AS ne. An ce ɗa ɗaya ne cikin huɗu zai zama SS, ke nan sauran ukun sun tsira?

A'a, ƙanena. Kowane ciki lissafinsa daban: kashi 25 cikin 100 SS, 50 AS (mai S ɗaya, irinku), 25 AA (marar S). Ana iya samun SS uku a jere. Ku sake gwajin a babban asibiti kamar Barau Dikko a Kaduna ko na Shika a Zariya kafin a kai kuɗin aure. In ya tabbata, ni dai ba zan ce ku yi ba.

Wata ɗaliba daga Kawo: Ni SS ce, idanuna sun yi ɗorawa. A gida ana ba ni jiƙon shawara da maganin ƙarin jini na kemis.

Ki dakata da duka biyun, 'yata. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kwana 120, taki kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, ragowar ita ke rina ido. Sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin kemis yakan taru ya cutar da hanta, musamman in an sha ƙara miki jini. Folik asid kike buƙata, da ruwa mai yawa, da rufe jiki in hunturu ya shigo. In launin ya ƙara duhu, ko numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji ya riƙe, ki tafi asibiti a take.