Me Ya Sa Famfon Giyata Ke Zubo Kumfa Zalla?

Tambaya: Ina zaune a birnin Denver na Amurka, kuma wata biyu ke nan da na sayi firijin nan mai famfo a sama, wanda ake sa tulun giya na ƙarfe a cikinsa. Duk lokacin da na buɗe famfon, rabin kofi kumfa ne. Na rage matsin iskar da ke tura giyar daga psi 12 zuwa 6 (psi ma'aunin matsi ne), amma abin sai ƙaruwa ya yi. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ragin da ka yi shi ne ya ƙara dagula lamarin, kuma kuskure ne da mutane da yawa ke yi, domin hankali yana raya wa mutum cewa ƙarfin iska ne ke tunzura giyar. Kumfa ba komai ba ce illa iskar CO2 (irin wadda ke cikin lemon kwalba) da ke narke a cikin giya, wadda ta samu hanyar tserewa, kuma abu biyu ne ke tsare ta a ciki: sanyi da matsi. Tun a 1803 masanin nan na Ingila, William Henry, ya nuna cewa yawan iskar da ruwa ke riƙewa yana bin matsin da ke kansa ne. Saboda haka da ka sauko zuwa 6, iskar ta fara rabuwa da giyar tun a cikin tiyo, kafin ta iso bakin famfo. Buɗe firijin ka dubi tiyon. Idan ka ga ƙwayoyin iska suna taruwa a inda ya lanƙwashe, to ka ga shaidar da idonka.

Yawancin giya na bukatar psi 10 zuwa 12 idan sanyinta ya kai digiri 38 a ma'aunin Faranhait, wato kusan digiri 3 a Selshiyos. Amma kai garinka yana kan tudu, kimanin ƙafa 5,280 sama da teku, kuma agogon regileta, wato na'urar da ke daidaita matsin iskar da ke shiga tulun, yana auna matsi ne bisa iskar da ke kewaye da shi, wadda matsinta ya fi ƙasa a can. Ana ƙara kusan psi ɗaya a kan kowace ƙafa 2,000, don haka 14 ko 15 ne ya dace da kai.

Sai batun sanyi, wanda a ganina shi ya kamata a fara dubawa kafin a taɓa regileta. Kada ka amince da lambar da ke jikin firij. Zuba kofi ɗaya ka ajiye, ka zuba na biyu nan take, ka tsoma ma'aunin zafi a ciki. Idan na farko ne kaɗai ya yi kumfa, na biyu ya fito daidai, to giyar da ta kwana a cikin bututun ƙarfen da famfo ke kansa ce ta yi ɗumi, kuma ƙaramar fanka mai tura sanyi zuwa cikin bututun za ta magance wannan.

Idan matsi da sanyi sun daidaita amma giyar tana fitowa a guje, tiyon ne ya yi gajere. Irin waɗannan firijin sukan zo da tiyo mai ƙafa 5, wanda bai isa ya rage wa giyar gudu a matsi 14 ba. Sayi mai ƙafa 10, mai faɗin ciki inci 3/16, ka riƙa datse shi kaɗan kaɗan har ya zama babban kofi yana cika a cikin daƙiƙa 8 zuwa 10.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. A wanke tiyo da famfo duk mako biyu, domin dattin da ke manne a ciki yana tayar da kumfa, haka ma robar da ta tsage a mahaɗin tulu. Ka buɗe famfo gaba ɗaya a lokaci guda, kofi a karkace, don buɗe shi rabi yana matse giyar ne. Sabon tulu kuwa, wanda ya sha jijjiga a mota, a bar shi ya kwana a firij. Duk gyaran da ka yi wa matsi, ka ba shi yini ɗaya ko biyu kafin ka sake taɓa wani abu.