Ka ce zagaya tarago ɓata lokaci ne?

Yaro, ka tambaye ni me ya sa nake zagaya kowane tarago da tocila kafin mu ja shi, alhali mai ba da hanya ya ce mu yi sauri. Ku yaran yanzu, in abu bai fito a waya ba, ba ku yarda akwai shi ba.

Layin dogon nan na Long Island a New York na fasinja ne, mu 'yan jirgin kaya aro muke yi. In mun baro Fresh Pond, inda ake haɗa taragun kaya, cikin dare, dole mu kauce kafin jiragen safe su fara kwararowa babbar tashar Jamaica da ke nan New York. Zancen ƙarfe na uku na gefen layi, mai ba jiragen fasinja wuta volt 750, da ɗaure birkin hannu, ba zan ɓata bakina ba. Wanda bai san wannan ba ya nemi wata sana'a.

Wata shekara da hunturu muka je ɗauko taragon katako a wajen wani ɗan kasuwa, irin mai shinge a tsakiya, ana loda shi dama da hagu. Irin wannan ana sauke shi ne kaɗan nan, kaɗan can, kuma an rubuta gargaɗin a jikinsa. Mutumin ya rantse ta waya cewa an kwashe kaya tas, saboda ba ya son kuɗin jinkiri ya hau kansa. Na haska ɓangaren da nake tsaye, wayam. Sanyi na cin yatsuna, agogo na gudu, ban zagaya ba. Na ce wa direba ja.

Ashe ɗaya ɓangaren cike yake har sama. Muna shiga kwanar mahaɗa na ji ƙarfe na kuka, tarago ya kwanta a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, katako ya zube har kan babban layi. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba! Fasinjoji suka yi cirko-cirko a tashoshi, ni kuwa aka kai ni gwajin fitsari kamar ɗan ƙwaya.

Ranar bincike mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa cewa an sauke ba. Wata guda na yi a gida ba albashi, kuɗin kujerar Makka da nake tarawa a nan suka narke. Har yau in mun je wajensa yana ɗago mini hannu.

Ɗauki tocilarka. Ka fara ta ɓangaren can, ina kallonka.