Tambaya Da Amsa: Yawon Keke Bakin Gulbi, Zai Yiwu A Kebbi Kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Mu samari ne 'yan ƙungiyar motsa jiki a nan Birnin Kebbi, kullum da safe muna zagaya gari da kekuna. To muna gani a YouTube yadda Turawa ke ɗaure kaya bayan keke su bi bakin kogi ko bakin teku kwana da kwanaki, abin na burge mu wallahi. Shin mu ma za mu iya irin wannan a nan, kuma ta ina ya kamata mu fara? Daga wani ɗalibi, Birnin Kebbi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Zai yiwu mana, amma ku fara cire hoton can na bidiyo daga ranku. Abin da kuke gani galibi hanyar da ake kira EuroVelo 6 ce, wadda ta taso daga gaɓar tekun Atilantika a Faransa ta bi kogin Luwar, ta haɗe da kogin Danub har Bahar Aswad a Romaniya, sama da kilomita 4,000, kuma yawancinta an shimfiɗa ta ne don masu keke, da alamomi da wurin kwana. Mu nan babu wanda ya shimfiɗa mana komai, ruwa ne ke yanke hukunci, hanyar da kuka bi lafiya lau a watan Janairu sai ku dawo a Satumba ku tarar kwale-kwale ne ke yawo a kanta.

Don haka maganar farko lokaci ne. Ku bari sai an gama kaka, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwa ya janye daga fadama, taɓo ya bushe, sanyi na nan. Da damina kam ku manta, balle in an saki ruwan dam ɗin Goronyo da na Bakolori, kowa ya san abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonakin shinkafa da gadoji a jihar nan. Bazara kuma zafi na haura digiri 40, wanda ya ce zai tuƙa keke da kaya ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu to neman asibiti yake.

Ni shawarata ku fara da Birnin Kebbi zuwa Argungu. Kilomita 50 ne da ɗoriya, kwalta ce, kuma fadamar gulbin Rima na gefenku na hagu kusan duk tafiyar, ta Zauro da Ambursa har Alwasa, inda aka gwabza yaƙin nan na zamanin jihadi a 1805. Ku tashi ana sallame Asuba, in kuna tafiya a natse ba tsere ba awa huɗu zuwa biyar kun isa, har da tsayawa shan fura. Amma fa ku sani da hunturu iska daga arewa maso gabas take bugowa, ku kuma can kuka nufa, wato zuwa za ku ji a cinyarku, dawowa ne za ta riƙa tura ku. Daɗin hanyar ba a kan kwalta yake ba, shi ne ku riƙa sauka ta ƙananan hanyoyin da ke gangarawa fadama ku yi kilomita biyu uku ku dawo titi. Can za ku ga masu noman rani sun duƙa cikin ruwa suna dashen shinkafa layi-layi, injin ban ruwa na ta tatata, belbela fari fat bayan shanu, ga masunci ya kifa ciki kan gora yana tura kansa da hannu ɗaya homa na ɗayan. In kun shiga Argungu ku je gulbin Matan Fada ko ba lokacin bikin kamun kifi ba ne, bikin da aka faro tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, sannan ku leƙa gidan tarihi na Kanta wanda a da shi ne fadar sarkin Kabi. Ku kwana, gobe ku juyo. Kar ku ce za ku je ku dawo rana ɗaya a tafiyar farko, rabinku a bayan a-kori-kura za su dawo.

In wannan ta yi kyau sai ku gwada Kalgo zuwa Jega ku ga gulbin Zamfara da buhunan albasa. Yawuri kuwa da kogin Kwara da tsibiran Gungawa, gaskiya babu inda ya kai can kyau, sai dai ku sa kekunan a mota ku je ku yi yawonku a kusa da gari, babbar hanyar Koko zuwa Yawuri ta tirela ce da tanka ba ta mai keke ba.

Sai maganar da ba na so ku tsallake, tsaro. Sassan ƙananan hukumomin Arewa da Augie ana fama da 'yan ta'addan Lakurawa, yankin Zuru da iyakar jihar Neja kuma 'yan bindiga, kuma abin na canzawa mako-mako, don haka kar ku dogara da taswirar waya. Ku tambayi direbobin tasha da 'yan kabu-kabu kwana ɗaya kafin ku tashi, su suka fi kowa sanin inda ya lafa. Duk ƙauyen da za ku tsaya ku fara zuwa wurin mai gari ku yi gaisuwa ku faɗi ko ku su wa ne, samari baƙi da jakunkuna suna ɗaukar hoto a bakin gulbi a wannan zamanin sai 'yan sa-kai su yi muku wata fassara daban. Kuma La'asar ta same ku a masauki.

Tambaya: Malam ina wuni. Ina tara kuɗi in sayi keke mai giya irin na tsere mai siririyar taya, abokina ya ce in dai yawon ƙauye zan yi gara tsohon Phoenix na babanmu. Mi ka gani? Daga wani mai karatu, Jega.

Amsa: Abokinka ya fi ka gaskiya, ko da yake ba duka ba. Siririyar taya ta kwalta mai santsi ce, tana shiga yashi take nutsewa, ga tsidau da ƙayar aduwa da suka cika hanyoyin fadama, kafin azahar ka yi faci uku. Kuma in wani abu ya karye a irin wannan keken mai gyara na ƙauye zai juya shi ya sake juyawa ya ce sai Birni. Phoenix ko Raleigh kuwa duk ƙauyen da ke cin kasuwa akwai mai tayarsa da tib ɗinsa da sarƙarsa, kariyarsa na ɗaukar buhu balle jakarka. Illarsa nauyi, da birkin ƙarfe da ba ya kamawa sosai in ya jiƙe. Tsaka-tsakin shi ne keke ɗan Kwatano mai faɗin taya mai giya, irin na hawan tudu, ka sa a ɗaura masa kariya mai ƙarfi.

Ko wanne ka ɗauka, ka tafi da famfo, gam da faci, tib guda na ajiya, sifana da ɗan man sarƙa. Ruwa aƙalla lita uku a jikin keke, da ƙullin gishiri da sukari na ORS, dabino da ƙuli-ƙuli, da gidan sauro don bakin ruwa ko da sanyi sauro bai tafi hutu ba. Ruwan fadama mai kwanciya kar ka yi wanka a ciki duk yadda ka gaji, nan ake kwasar tsargiya.

Tambaya: Yaya batun fito da keke a jirgi? Sannan ni burina in ga teku a kan kekena. Daga wani ɗan'uwa, Bagudo.

Amsa: Masu fito sun saba, babura ma suna lodawa. Ku yi ciniki tun kana tudu, kuɗinka daban na keke daban, ka kwance jaka ka riƙe, a kwantar da keken tsakiyar jirgi. In ka ga an cika jirgi har ruwa na lasar baki ka ce ka fasa, ka jira na gaba, mutanen Warra ba su manta hatsarin 2021 ba. Kar ka hau da dare, in akwai rigar ruwa ka sa, kuma wajen Yawuri in masunta suka ce akwai dorina a wuri kaza to ka yarda da su.

Teku kuma, ka sa keken a mota zuwa Legas ka fara daga Badagry, ka tsallaka Seme zuwa Kwatano, daga nan akwai hanyar masunta da ke bin gaɓa cikin itatuwan kwakwa zuwa Wida. Kana buƙatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara. Iskar can gishiri gare ta, sarƙa na tsatsa cikin 'yan kwanaki, don haka kullum da yamma ka goge ka sa mai.