Amsa: me ya sa duk lambar wayar da na shigar take komawa 2147483647?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce duk lambar wayar da ka zuba a databes, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, sai ta juye ta koma 2147483647, har kana zargin ko kutse aka yi maka. Kwantar da hankalinka, ba wanda ya taɓa maka komai. Wallahi ni ma abin nan ya taɓa hana ni barci lokacin da na haɗa wa wata makaranta fom ɗin rajista, aka wayi gari iyayen yara kaf lambarsu ɗaya, hedimasta sai kira yake.

Gurbin da kake adana lambar wayar ka sa shi INT ne ko, wato nau'in gurbin da ke ɗaukar lambobin lissafi? To shi bit 32 kawai gare shi (bit ɗan wuri ne mai ɗaukar 0 ko 1), ɗaya na nuna ko lambar ƙasa da sifili take ko sama, saura 31. Jera 2 guda 31 ka ninka su da juna ka cire 1, abin da zai fito shi ne 2,147,483,647, nan kwandon ya cika. Lambobinmu masu farawa da 080 kuwa in sifilin farko ya faɗi sun haura biliyan takwas, sai MySQL, manhajar da ke riƙe da databes ɗin, ya danne su a wannan iyakar. Mayar da gurbin VARCHAR, wato nau'in da ke ɗaukar rubutu, ai lambar waya ba lissafi ake da ita ba. Amma waɗanda suka riga suka lalace sai dai ka sake karɓo su, ba sa dawowa.

Tun daga ranar lambar nan ta shiga raina, don da na bibiye ta sai na ga ashe ba ƙaramar aba ba ce. Ba ta rabuwa da komai sai 1 da ita kanta, duk girman nan nata. Irin waɗannan da ake samu ta ninka 2 a cire 1 ana kiransu da sunan Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648, kuma ba kullum dabarar ke ci ba, gwada 2 guda 11 za ka samu 2047, wadda 23 sau 89 ce. Ita kanta 31 ɗin 2 guda biyar ce a cire 1, ka ga gado ta yi.

Abin da ya fi taɓa ni, masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar ba ta rabuwa a 1772, yana Rasha, idanunsa sun riga sun tafi, ba kwamfuta ba kalkuleta. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba, sai da ya fara gano siffar da dole mai raba ta ta kasance da ita, sannan ya gwada iya waɗannan zuwa wajen 46,340, don 46,340 sau kanta ta kusan kai lambar, in ba a samu mai raba ta ba zuwa nan to babu shi.

Kuma ba ta gama da mu ba. Tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970 za su cika wannan adadin ranar 19 ga Janairun 2038, don haka in akwai inda kake adana lokaci da INT a aikin nan naka, gyara shi tun yanzu tare da na wayar.