Kayan Aikin Mai Zane: Me Za a Saya, Me Za a Jinkirta?

Saƙonnin da suka taru a wannan karon yawancinsu daga masu zanen kwamfuta ne, musamman waɗanda suka ajiye aikin albashi suka koma cin gashin kansu. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su.

Tambaya: Malam, shekara uku ina zane a wani kamfani, kuma su ke biyan kuɗin Photoshop da Illustrator. Yanzu na fara karɓar aiki da kaina, yawanci tambari da takardun talla da kwalin kaya. Dole ne in ci gaba da Adobe, kamfanin da ya yi su, ko in koma manhajojin kyauta?

Ƙanena, Allah Ya sa albarka a sabuwar hanyar. Kafin ka tambayi wace manhaja ce ta fi, duba ayyuka goma na ƙarshe da ka miƙa. Wane irin fayil masu aikin suka karɓa daga hannunka? Idan PDF ne da PNG da SVG, babu wanda zai damu da abin da ka zana su da shi. Mai shagon da ya karɓi tambarinsa ya ga ya yi kyau, shi ke nan, magana ta ƙare. Amma idan kana yi wa kamfanonin talla aikin ƙwadago, waɗanda za su ce ka turo buɗaɗɗen fayil na Illustrator ko InDesign domin ma'aikatansu su ci gaba da taɓawa, to a nan ba ka da zaɓi sosai. Wanda zai buɗe fayil ɗin bayanka shi ya riga ya zaɓa maka manhaja.

Ka san yadda Adobe ke sayar da kayansa kafin ka sa hannu. Har zuwa CS6, kunshin manhajojinsa da ya fito a 2012, mutum kan saya sau ɗaya ya mallaka. Daga 2013 kamfanin ya koma tsarin haya, wato ranar da ka daina biya manhajar ta rufe, salon haruffan da kake ara daga Adobe Fonts su ma su tafi. Fayilolinka suna nan a kwamfutarka, sai dai mabuɗin ya koma hannun mai shi. Akwai kuma wani tsari da yake kama mutane da yawa: yarjejeniyar shekara guda wadda ake biya wata-wata. A ido kamar biyan wata ne, amma idan ka fasa bayan kwana 14 na farko, za a caje ka rabin kuɗin watannin da suka rage. Ga mai cin gashin kansa, wanda wani watan aiki ya yi masa yawa wani watan kuma shiru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai biyan wata na gaskiya wanda ake fasawa ba tara. Ya fi tsada a kowane wata, amma kana iya kunna shi lokacin da wani aiki ya buƙace shi, ka sa kuɗin a cikin lissafin da za ka ba mai aikin.

Ni a ganina, abin da ya fi dacewa da irin aikinka ka fara gwadawa shi ne manhajar zane ta Affinity. Kamfanin Serif na Ingila ne ya ƙirƙire shi, Canva ya saye shi a 2024, sannan a watan Oktoban 2025 aka haɗe manhajojinsa uku wuri guda aka mayar da shi kyauta ga duk mai asusun Canva. Yana aiki da launukan madaba'a na CMYK, yana fitar da PDF/X wanda masu bugu ke so, yana buɗe fayilolin Photoshop. Inda ya gaza shi ne ba ya fitar da fayil irin na Illustrator, kuma daga InDesign sai wanda aka adana a matsayin IDML yake karɓa. Ka riƙe a ranka cewa kamfanin da ya ba da abu kyauta yau yana da ikon sauya sharaɗi gobe, don haka duk aikin da ka gama, ka fitar da kwafinsa a PDF da SVG ka ajiye gefe. Waɗannan biyun ba mallakar manhaja ɗaya ba ne.

Inkscape yana da kyau wajen tambari, kuma ba na kowane kamfani ba ne, sai dai asalinsa da launin fuskar kwamfuta yake aiki, don haka in aikin na bugu ne sai ka ƙarasa shi a Scribus, manhajar tsara shafukan bugu. CorelDRAW kuwa, wanda yake tun 1989, har yanzu ana iya sayensa sau ɗaya, kuma masu buga alluna da yanka sitika da yawa da shi suka saba.

Kwalin kaya shi ne inda zan ce ka taka a hankali. A nan ake maganar layin yanka da naɗi, da launuka na musamman irin na Pantone, waɗanda tun 2022 aka cire yawancinsu daga cikin manhajojin Adobe, sai da biya na daban. Kira madaba'ar da za ta buga kwalin ka tambaye su abin da suke karɓa, tun kafin ka ja layi ɗaya. Sannan ka ɗauki wani tsohon aikinka ka sake yin sa daga farko har ƙarshe a sabuwar manhajar, a lokacin da babu wanda yake jiran ka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu da yake ci mini rai, tunda maganar haruffa ta shigo: kafin ka ƙaunaci kowane salon rubutu, buga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ka gani. Salo da yawa masu kyau ba su da su, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salon, kalma ta fito da ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera. Salon rubutu na Noto da Andika da Charis suna da su, kuma lasisinsu ya yarda a yi aikin kuɗi da su.

Tambaya: Wani abokina ya ba ni Photoshop da aka fasa makullinsa, ba sai na biya ba. Akwai matsala?

Akwai, kuma ina roƙonka ka cire shi. Irin waɗannan manhajoji na daga cikin manyan hanyoyin da ake cusa wa mutane ƙwayoyin satar kalmar sirri da masu kulle fayiloli. A kwamfutar nan akwai tambarin da wani bai ƙaddamar ba tukuna, akwai imel ɗinka, wataƙila har da asusun bankinka. Amanar mutane ce a hannunka. Kuma kai da kake so a biya ka haƙƙin zanenka, kai ne ya fi cancanta ka gane haƙƙin wani. A shekarun baya mutum yana iya cewa ba shi da mafita. Yau ga Affinity, ga Krita, ga GIMP wanda sigarsa ta 3.0 ta fito a watan Maris na 2025, dukansu kyauta ne.

Tambaya: Malam, launin da nake gani a kwamfutata ba shi yake fitowa a takarda ba. Kore mai haske sai ya fito a dushe, kwastoma ta ƙi karɓar aikin. Na tara kuɗi zan sayi sabuwar laftof mai ƙarfi. Wacce zan saya?

Ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna, domin ƙarfin kwamfuta ba zai gyara wannan ba. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, tana haɗa ja da kore da shuɗi. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, tawada huɗu ake zuba mata, wato CMYK, kuma akwai launukan da tawadar nan ba za ta taɓa kaiwa ba, musamman kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙarfi da ruwan lemo. Idan aikin na bugu ne, ki buɗe shi a CMYK tun daga farko, ki tambayi madaba'a wane ma'aunin launi suke bi, ki nemi su buga miki gwaji guda ɗaya, kwastoma ta gani a takarda ta amince kafin a buga dubu. Ki kuma rage hasken fuskar. Yawancinmu muna aiki da shi a ƙure, shi ya sa komai yake fitowa da duhu a takarda. Hotuna su kasance ɗigo 300 a kowane inci, ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.

In kuɗin zai tafi wani wuri, ya tafi kan fuska ta daban, mai inci 24 zuwa 27, irin ta IPS wadda launinta ba ya sauyawa in kin karkata kai, kuma wadda aka rubuta tana nuna kusan kashi 100 na sRGB, wato ma'aunin launukan fuskar kwamfuta. Laftof da yawa da ake tallatawa don wasanni suna da ƙarfin gaske amma fuskarsu mai araha ce. Idan kika ga an rubuta kashi 45 na NTSC, wani ma'aunin launi, a bayaninta, ki wuce, ba ta mai zane ba ce.

Ranar da sayen laftof ya zama dole, abu biyu za ki duba: RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, kada ya gaza gigabait 16, ma'adana kuma ta zama SSD, wato irin mai sauri. Ki sani kwamfutocin Apple masu injin M, waɗanda suka fara fitowa a 2020, ba a ƙara musu RAM bayan saye, haka ma siraran laftof da yawa na Windows. Abin da kika saya da shi za ki zauna har ƙarshe. Katin hoto mai tsada kuwa sai ga mai haɗa bidiyo ko zanen 3D.

Tambaya: A kan gado nake aiki, laftof a cinya, yanzu wuya da baya suna damu na. In kama kujera a wurin aiki na haɗaka, inda ake hayar kujera da intanet, ko in gyara ɗakina?

Ɗan'uwa, fara da ɗakin. Ko da ka kama wuri a waje, rabin aikin mai zane da dare yake yin sa a gida. Matsalar laftof ita ce fuska da madannai a manne suke, in ɗaya ya zauna daidai ɗayan bai zauna ba, sai wuya ya biya bashin. Ɗaga ta a kan wani abu har saman fuskar ya zo daidai da idonka, nisan tsawon hannunka a miƙe, sannan ka sayi madannai da linzami na daban. Kujera ta zama wadda ƙafarka ke taka ƙasa, gwiwar hannunka ta yi daidai da tebur, ƙugunka ya samu abin jingina. Taga ta kasance a gefenka, domin in tana bayanka za ta haska fuskar, in tana gabanka za ta gajiyar da ido. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Idan ciwon ya ƙi tafiya, ko hannu ya fara mutuwa, ka je asibiti, kada ka ce sai ka gama aikin da ke gabanka.

Wurin haɗaka yana da amfani ga wanda gida ya cika masa da hayaniya, ko yake buƙatar inda zai zauna da kwastoma cikin mutunci, ko kaɗaici ya fara taɓa shi. Biya na kwana ɗaya-ɗaya na wasu makonni kafin ka ɗaure kanka da na wata, ka lura da ƙarfin intanet ɗinsu a lokacin da wurin ya cika.

Tambaya: Ma'adanar kwamfutata ta mutu da aikin shekara biyu. Yaya zan yi kada ya sake faruwa?

Sannu, wannan rashi ne mai zafi. Da farko, daina kunna ta, kada kuma ka saka mata komai, ka kai wa masu ceto bayanai, wani lokaci ana dacewa. Daga yau kuma kowane aiki ya zama yana da kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya daga ciki a wajen gidanka: na kan kwamfuta, na ma'adanar waje, da na ajiyar intanet. Ka lura cewa Google Drive ko Dropbox da ke bin jakar aikinka suna kwaikwayon duk abin da ka yi ne, in ka goge a nan ya gogu a can, sai dai ka ceto shi cikin 'yan kwanakin da suke riƙe shara. Saboda haka ma'adanar waje ka riƙa cire ta bayan ka kwafa. Windows yana da File History, Mac yana da Time Machine, duka suna cikin kwamfutar, kunnawa kawai suke jira. Sau ɗaya a wata, zaɓi wani tsohon fayil daga cikin kwafin ka buɗe shi, ka tabbatar yana buɗuwa.